Ƙarin Ruwan Bitamin C da Glutathione: Talla Ta Riga Hujja

Daga Amurka zuwa Filifin, har manyan biranen Najeriya, ƙarin ruwa mai ɗauke da bitamin C ko glutathione ya tashi daga gadon asibiti ya shiga shagunan gyaran jiki. Ana tallarsa da sunan yana wanke jini, yana hana tsufa, yana haska fata, wasu ma har maganin ciwon daji suke jingina masa. Dama mutane sun yi imani cewa abin da aka zuba ta jijiya ya fi ƙwaya ƙarfi, 'yan kasuwa kuwa sun gano lagon.

Tushen wannan yayi yana komawa 1976, lokacin da Linus Pauling da likita Ewan Cameron suka ba da rahoton cewa masu ciwon daji 100 da aka riƙa ba gram 10 na bitamin C kullum sun fi waɗanda ba a ba su ba daɗewa a raye. Asibitin Mayo ya gwada a 1979 da 1985, bai ga wani amfani ba. Magoya baya suna cewa ai ta baki Mayo ya bayar, kuma a nan suna da gaskiya, domin ta jijiya bitamin ɗin yana taruwa a jini ninkin-ba-ninkin. Sai dai taruwa a jini daban, waraka daban. A 2017 Paul Marik ya ce wani haɗi mai bitamin C ya rage mutuwa tsakanin waɗanda cuta ta shiga jininsu, bisa majinyata 47 kacal da aka ba. Da aka yi babban gwajin LOVIT a 2022 kan mutum 872 masu irin wannan cuta, kashi 44.5 cikin ɗari na waɗanda aka ba bitamin ɗin sun mutu ko gaɓoɓinsu sun ci gaba da gazawa, sauran kuwa kashi 38.5.

Ba a ce duk maganin da ake bayarwa ta jijiya banza ne ba: acetylcysteine ta jijiya yana ceton hantar wanda ya sha farasitamol fiye da kima. Amma wannan magani ne na cuta sananna, da awo sananne. Ta fuskar illa kuwa, hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi tun 2011 kan allurar glutathione don haska fata. Bitamin C mai yawa kuma yana iya illata ƙoda, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga mai ƙarancin sinadarin G6PD, lalurar da ta yawaita a Afirka. Duk wanda zai ɗaura maka wannan ruwa bai auna G6PD da ƙodarka ba, kada ka miƙa masa hannu.