Yadda Ake Shirya Bindigar Ƙanƙara Domin Kwaikwayon Yaƙe-yaƙen Tarihi

Daga Wakilinmu

A cikin watan Yuni na shekarar 2015, mutane fiye da 5,000 daga ƙasashe daban-daban suka hallara a filin Watalu da ke ƙasar Beljiyam, sanye da tufafin sojan da, domin su kwaikwayi yaƙin da aka gwabza a wannan fili ran 18 ga Yuni, 1815, watau yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Napoliyon na Faransa. An yi ta ɓarin wuta har hayaƙi ya turnuƙe sararin sama, amma albarushi ne zalla a cikin bindigogin, ba tare da harsashi ba.

Irin wannan wasa ya daɗe da samun gindin zama a Turai da Amurka, inda malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai kan kafa ƙungiyoyi, su sayi kayan sojan da kuɗin aljihunsu, domin nuna wa jama'a tarihi ido da ido. Babban abin da kowane ɗan wasa yake tinƙaho da shi kuwa shi ne bindigarsa mai aiki da ƙanƙara, watau dutsen nan da ake ƙyasta wuta da shi. To, amma sayen bindigar somin-taɓi ne. Aikin yana ga haɗa mata kayanta, kuma kowane abu da za a ɗora mata sai ya amsa tambayoyi biyu: shin sojan wancan zamani ya riƙe irinsa? Kuma shin zai kare lafiyar wanda ke tsaye kusa da kai a sahu?

Sanin Shekara Kafin Sayen Kaya

Bindigar da ta fi shahara a wannan wasa ita ce ta sojan Ingila da ake wa laƙabi da Brown Bess, wadda aka fara aiki da ita a shekarar 1722, ta kuma yi fiye da shekara 100 a hannun soja. Faɗin bakinta kashi uku cikin huɗu na inci ne, nauyinta kuwa ya kai kimanin kilo huɗu da rabi. Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Ta farko tsawon bututunta inci 46 ne, aka zo aka rage shi zuwa inci 42, daga baya kuma aka koma ga samfurin Indiya mai inci 39, wanda da shi yawancin sojan Ingila suka yi yaƙin Watalu. Saboda haka wanda ya saɓo mai inci 39 ya shiga sahun masu kwaikwayon yaƙin 'yancin Amurka na shekarar 1775, ya yi wa tarihi riga-malam-masallaci, kuma 'yan'uwansa ba za su ƙyale shi ba.

Da yake bindigogin asali sun zama kayan gidan tarihi, sababbi ake ƙerawa bisa siffar na da. Kamfanin Pedersoli na ƙasar Italiya, wanda aka kafa a 1957, yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a Indiya, waɗanda sau da yawa akan sayar da su ba a huda musu ƙofar wuta ba. Irin waɗannan sai ƙwararren maƙerin bindiga ya huda, an kuma gwada ƙarfin bututun, kafin a zuba musu ko da ƙwayar albarushi ɗaya.

Ƙanƙara Ita Ce Rai

Yadda bindigar ke aiki shi ne, idan aka ja kunama, wani hannun ƙarfe mai baki kamar awartaki, wanda ke riƙe da ƙanƙara, sai ya sari ƙyastun da ke gabansa. Tartsatsi ya zuba cikin wani ɗan kasko mai albarushi kaɗan, wuta ta bi ta 'yar ƙofa ta shiga bututu. Don haka ɗaura ƙanƙara shi ne darasi na farko. Akan naɗe ta da ƙyallen fata ko fallen dalma domin ta zauna daram, sa'an nan a murɗa kusa a matse ta. Dole bakinta ya yi daidai da fuskar ƙyastu. In ta karkace, ko dai ta kankare bututu ko kuwa ta farfashe. In ta yi gajarta, ba za ta ba da wuta ba. Ƙanƙara mai kyau takan yi harbi 20 zuwa 30 kafin bakinta ya dakushe, shi ya sa kowa kan riƙe wasu a jaka.

Har launinta ma abin lura ne. Ta Faransa ruwan zuma ce, ta Ingila kuwa baƙa ce, kuma garin Brandon ne ya shahara wajen sassaƙa ta tun daga shekarun 1790.

Maratayi Da Banati Da Jaka

Bayan ƙanƙara sai maratayi. Na sojan Ingila farar fata ce mai kauri wadda akan goge da farar ƙasa, a zura ta cikin zobba biyu da ke ƙarƙashin bindigar, a ja ta ta miƙe sosai lokacin fareti. Sai kuma banati mai kusurwa uku, mai tsawon kimanin inci 17, wanda ake zura wa bakin bututu a murɗa ya kama. Da wuya a sami sabon banati da ya shiga daidai tun farko, sai an bi cikinsa da magagari sannu a hankali. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce banatin ake gogewa, ba a taɓa bututu, domin rage kaurin bututu ganganci ne da rai.

Har ila yau akwai jakar baƙar fata ta zuba ƙunshin albarushi, wadda a zamanin Napoliyon takan ɗauki ƙunshi 60, da kuma ɗan tsinke da ɗan buroshi masu sarƙa da soja kan rataya a ƙirji, domin share kasko da buɗe ƙofar wuta idan toka ta toshe ta.

Inda Tarihi Ke Sarara Wa Lafiya

Akwai abubuwa biyu da ƙungiyoyi da yawa, musamman a Amurka, suka wajabta wa 'yan wasa. Na farko wata 'yar hular fata ce da ake rufe ƙyastu da ita, yadda ko da hannun ƙarfen ya kuɓuce ba zai ba da tartsatsi ba. Na biyu kuwa 'yar garkuwa ce ta tagulla da ake ɗaurawa a gefen kasko. Dalili shi ne, idan bindiga ta tashi, harshen wuta kan fito ta ƙofar nan zuwa dama, daidai fuskar wanda ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai harbi. Wannan garkuwa ba ta cikin kayan da aka saba raba wa sojan Ingila na wancan zamani, kuma 'yan wasa sun san haka sarai, amma sun yarda cewa idon abokin sahu ya fi kamannin tarihi daraja.

Bugu da ƙari, a wurare da yawa an hana zare sandar ɗura a tsakiyar wasa, don kada wani ya manta da ita cikin bututu ta fita kamar mashi. An kuma hana kafa banati idan sahu biyu za su kusanci juna. Kafin a fita fili, shugaban sahu yakan sa a jefa sandar cikin bututu. In ta yi ƙara rau, to babu kome a ciki. Daga nan sai a ɗana bindigar rabi, a ja kunama da ƙarfi. Wadda ta saki, ranar ba za ta shiga fili ba.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wannan bindiga ba baƙuwa ba ce gare mu. 'Yar'uwarta ce fataken Turai suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, wadda ta zama kakar bindigar toka ta maharbanmu, kuma masassaƙan Brandon sun ci gaba da aiko da ƙanƙara zuwa wannan yanki har cikin ƙarni na 20, bayan sojan Turai sun daɗe da yin watsi da ita. Wanda ya taɓa kallon hawan Salla ya san yadda ƙarar 'yan bindiga ke sanar da fitowar Sarki, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana.

Don haka ya kyautu jami'an gidajen tarihi da hukumomin raya al'adu da ɗaliban tarihi su zauna da maƙera da dattawan 'yan bindiga, su rubuta sunan kowane sashe na bindigar toka, da yadda ake haɗa ta, da yadda ake duba lafiyarta kafin hawa, tun masu wannan sani suna raye.