Mai Agaji Ma Yana Bukatar Agaji

Ran 30 ga watan Maris na 2020 gwamnatin Gana ta rufe Ankara da Kumasi saboda annobar korona, kuma Tafo tana ciki. Mako uku ba a fita sai da dalili. Masu neman na yau su ci yau, irin su kayaye da yaran mota, suka shiga wani hali. Gwamnati ta raba abinci ta hannun hukumar agaji ta NADMO da ƙungiyoyin addini. To, su wa suka sauke buhuna, suka tsaya cikin rana suna shirya layi, suka kuma sha zagi da abinci ya ƙare? 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu.

A Zango ba mu raba su da sauran mutane, domin kullum muna tare. Su ne 'yan agajin masallaci, da masu wankan gawa, da masu haƙar kabari a maƙabartar Tafo, da matan da ke kwana da marasa lafiya a asibiti. Su ne kuma masu sa kai a ƙungiyar Red Cross. In gobara ta tashi, kamar ta kasuwar Kejetia a 2023 ko ta Adum a 2025, irinsu ne ke fara isa wurin. Muna yi musu sannu da aiki mu wuce, amma da wuya mu tambayi yadda suka kwana.

Wannan gajiya tana da suna a wurin masana. A 1974 wani likitan halayya a Amurka, Herbert Freudenberger, ya lura da ita a jikin masu sa kai a wani asibitin kyauta. Mutum ya zo da zafinsa, a hankali ya zama kamar fitilar da kananzir ya ƙare, lagwani kawai ke ci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da cewa matsala ce da ke fitowa daga wahalar aiki mai tsawo da ba a shawo kanta ba. Alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan aikin ya daina kyau a hannunsa.

Saboda haka in ka ga ɗan agajin da aka sani da fara'a ya koma yi wa tsofaffi tsawa, ko barci ya gagare shi, ko ya daina ɗaukar waya, kada ka yi saurin cewa imaninsa ya ragu. Jiki magayi. Mu mun saba da ce wa mutum "yi haƙuri, lada kake nema," shi kuma ya haɗiye don kunya, alhali haƙuri bai hana hutu ba.

Me za a yi? Na farko, natsuwa. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani horo a Jami'ar Masacusat, inda ake koya wa mutum ya zauna shiru, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita, in hankali ya tafi ya dawo da shi ba tare da zargin kai ba. Wannan ba baƙo ba ne ga wanda ya san halartar da zuciya a cikin salla. Minti goma bayan asuba, kafin a taɓa waya, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma natsuwa kaɗai ba za ta sauke kayan da ya fi ƙarfin kai ba. Nan ne aikin limamai da sarakuna da shugabannin ƙungiyoyi yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tsara aiki bi da bi, kada mutum uku su riƙe jana'izar unguwa shekara da shekaru. Bayan aiki mai tayar da hankali, a zauna tare a ci abinci, wanda yake son magana ya yi, wanda ba ya so a ƙyale shi. A kuma ware musu kuɗin mota daga asusun masallaci, don da yawansu da aljihunsu suke yi.

In kuwa abin ya kai makonni, ba barci, ga mugun mafarki, ga faɗuwar gaba, to a je asibiti. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Komfo Anokye, kuma tun 2012 Gana take da dokar da ke kare haƙƙin masu irin wannan lalura. Zuwa can ba hauka ba ne.

Jama'a, ranar da buƙata ta taso, waɗannan bayin Allah za mu fara kira. Mu kula da su tun suna da sauran ƙarfi. Allah Ya saka musu da alheri, amin.