Horon Masu Tsaron Gidan Kaso da Dokar 2017 a Nijar

Duk ƙasar da ta ba alƙali ikon ya tsare mutum, lalle ne ta tanadi wanda zai riƙe mabuɗin ƙofar da aka rufe shi a bayanta. Kuma tun da yake alƙali sa'a guda yake zama da mai laifi, alhali mai tsaro shi ke kwana da tashi da shi wata da watanni, to, ashe rabin adalcin da aka yanke a kotu a hannun mai tsaron yake cika ko ya tozarta. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane wannan. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, a cikin Kitabul Haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya yi nasiha da a ciyar da fursunoni a kuma tufatar da su daga baitulmali, a ɗora mutumin kirki a kan al'amarinsu, wanda zai rubuta sunayensu ya miƙa wa kowa haƙƙinsa hannu da hannu.

A ƙasar Hausa kafin zuwan Nasara, Yari ne ke da wannan aiki a ƙarƙashin sarki. Da Faransawa suka kafa mulki, sai suka gina gidan kaso kusa da ofishin kwamanda, suka danƙa shi ga gardi, waɗanda su ne kuma ke bin haraji da kamo mutanen aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas da hukuncin da kwamanda ke yankewa ba tare da shari'a ba. Bayan samun mulkin kai a 1960 tsaron gidajen kaso ya ci gaba da zama a hannun magadan wannan runduna, wadda ta sauya suna daga Garde Républicaine zuwa FNIS, sa'an nan ta koma Garde Nationale a 2010. Rundunar tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, gidajen kason kuwa na ma'aikatar shari'a ne. Saboda haka mai tsaro ya kasance yana yi wa wata ma'aikata hidima, alhali horonsa da girmansa da canjin wurin aikinsa suna hannun wata. Horon nasa kuma na soja ne, na riƙon bindiga da tsare iyaka, kuma ko da yake an sami masu tausayi da amana da yawa a cikinsu, ba a koyon kula da marar lafiya ko karanta takardar alƙali a filin fareti.

Wannan giɓi ne Majalisar Dokokin Nijar ta nufi cikewa da dokoki biyu masu ɗauke da kwanan watan 31 ga Maris 2017. Ta farko, mai lamba 2017-08, ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin tafiyar da gidajen kaso, waɗanda a da wata dokar gwamnati ta 3 ga Satumba 1999 ke tsarawa. Ta biyu, mai lamba 2017-09, ta kafa wa ma'aikatan gidajen kaso matsayi nasu na kansu, wato ta mai da aikin sana'a mai zaman kanta a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, wadda ake shiga da niyya, a koye ta, a kuma tsufa a cikinta. Makarantar horon ma'aikatan shari'a ta Yamai, EFJN, wadda aka kafa a 2015, ita aka ɗora wa koyar da su, a gida ɗaya da alƙalai da magatakardan kotu.

Abin da ya kamata a koya musu kuwa duniya ta riga ta yi ittifaƙi a kansa. A watan Disamba 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni, ta sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya shafe shekara 27 a tsare. Ƙa'idojin sun sharɗanta a zaɓi ma'aikaci da lura, a horar da shi kafin ya kama aiki, ya ci jarrabawar ilimi da ta aiki, a kuma riƙa sabunta masa horo muddin yana hidima. Sun ambaci sanin dokokin ƙasa, da haramcin azabtarwa, da iyakar amfani da ƙarfi, da sulhu tsakanin masu husuma, da taimakon gaggawa, da gane alamun taɓuwar hankali tun da wuri. Sun kuma wajabta cewa mata ne za su tsare mata.

Wanda yake so ya ga fa'idar wannan ilimi, sai ya dubi kudancin jihar Tawa. Birnin Ƙonni yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, dab da iyakar Najeriya, yana da babbar kotu da gidan kaso. Illela ma tana da kotu da nata gidan.  Waɗanda akan tsare a irin wannan yanki sun haɗa da manomi da makiyayi da suka yi rikici kan ɓarnar gona, da ɗan sumoga, da baƙon da ya ƙetaro iyaka ba shi da dangi a kusa, da yaron da ya yi satar farko. Wani Hausa yake ji, wani Fulatanci, wani Buzanci, takardunsu duka kuwa da Faransanci aka rubuta su, kuma da yawa daga cikinsu jiran shari'a suke, ba a tabbatar musu da laifi ba. Mai tsaron da ya san aikinsa ba ya karɓar mutum sai da takardar alƙali. Yana duba rajista ya tunatar da kotu idan wa'adin tsarewa ya ƙare. Yana raba yaro da babba. Kuma a bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, yana gane wanda tari ya kama ko sanƙarau kafin cutar ta game ɗaki.

Akwai masu cewa zamanin bai dace da sauyin ba, suna kafa hujja da harin da aka kai gidan kason Yamai a Yunin 2013 da na Kutukale a Oktoban 2016, suna cewa mai bindiga kaɗai ke iya tare irin wannan. Hujjar tana da ƙarfi dangane da katanga da ƙofar waje, inda gardi zai ci gaba da zama wajibi. Amma tsaron ciki da sani ake yinsa, domin ma'aikacin da ya san fursunoninsa ɗaya bayan ɗaya, suka kuma yarda da adalcinsa, shi ke jin ƙishin-ƙishin fitina tun ba ta tashi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Doka dai ta aza harsashi, saura abin da ba ya samuwa sai da kasafin kuɗi da haƙuri: a ɗauki ma'aikata isassu maza da mata, a biya su abin da zai kare su daga kwaɗayin cin hanci, a tura waɗanda suka ƙware zuwa gundumomi kamar yadda ake tura su manyan birane. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Ƙonni da Illela za su fito wata rana su koma gonakin albasa na Galmi da kasuwannin Adar, kuma halin da za su komo wa jama'a da shi ya rataya ƙwarai a kan tarbiyyar waɗanda aka ba amanarsu.