Bukin kiɗan 21 ga Yuni: ya zo daga Faransa, ya tarar da ƙwarya a gida

Duk wanda ya saba bin kwalta daga Gidan Rumji zuwa Cadawa, Agiye har Gazawa, ya san kiɗa ba baƙo ba ne a wannan yanki. Ranar suna ko aure, da la'asar ta yi sai mata su kifa ƙwarya cikin ruwa, wata ta ɗauko shantu. Waɗanda suka wuni a gaban farantin ƙuliƙuli da buhun aya su ne ke komawa zabiyoyi. Yawancinsu ba su gaji kiɗa ba, kuma ba da shi suke ci ba.

To, irin waɗannan makaɗan sha'awa ne aka ƙago wa buki a Faransa a 1982, lokacin da Jack Lang yake ministan al'adu. An ware ranar 21 ga Yuni, aka ce kowa ya fito titi da abin kiɗansa, gwani da ɗan koyo, ba tare da an biya ko dala ba. Bukin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100, har da Nijar, inda cibiyoyin al'adun Faransa da Nijar na Yamai da Damagaram suka riƙa shirya shi.

Sai dai a karkara ranar tana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da hankalin kowa yake gona. Don haka waɗanda suka fi rungumar bukin ƴan lakwal ne da malamansu. Ni kaina ina koleji na fara jin labarinsa. A lokacin burinmu shi ne mu haddace waƙoƙin faransanci, mu kwaikwayi ƙungiyoyin rap na Yamai irin su Kaidan Gaskia, masu gauraya faransanci da harsunan gida. Gita ɗaya ce ke zagaya unguwa, ganga kuwa jarka.

Yau zamani ya juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun fice a Disamban wannan shekara. A Oktoban 2024 cibiyar Yamai mai sunan Jean Rouch ta koma Moustapha Alassane. A Maris na 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da faransanci, wadda aka aza tubalinta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, kuma Hausa ta zama harshen ƙasa.

Shin sai mu watsar da bukin ke nan? Kafin mu ba da amsa, mu dubi abin da ke faruwa a gidajenmu. Yanzu buki da yawa lasifika ake haya, yaro ya jona waya, ƙwarya tana rataye a ɗaki. Kuɗin da ake liƙa wa maƙwabciya mai murya ya koma aljihun mai inji, ƴanmata kuma suna tashi ba su iya amshi ba.

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, amma ai tunanin fito da ɗan koyo fili ba aro ba ne a wurinmu. Samariya ta yi shi, wasan matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 ya yi shi, gasar Ɗan Gurmu ta Tawa ma haka.

Saura ku, iyayenmu mata na kasuwa. A jahar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, har ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Waɗanda suka iya tara kuɗi kowane mako ba za su kasa tara murya sau ɗaya a shekara ba. Idan Yuni na manoma ne, a zaɓi rana da kaka, bayan an ɗaure damman hatsi. Kowace ƙungiya ta fito da ƙwaryarta, a ba samari masu gita fili, mai son rera faransancinsa ya rera. Mai fura da mai ƙosai ma su samu ciniki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.