Waƙa ɗaya, ɗauka daban-daban: me ya sa Bakandamiyar Shata ba ta zuwa iri ɗaya a kunne?

A Cadawa, kamar sauran garuruwan da ke kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba a rasa rumfar cajin salula inda ake tura wa mutane waƙoƙi a katin waya. Manomin da ya sayar da ayarsa, direban da ke jiran fasinjan Mayahi, kowa ya miƙa katinsa ya ce a zuba masa Shata. Gardamar sai an koma fada wajen shan shayi take tashi. Wannan ya kunna Bakandamiya, wancan ya ce ai ba ita ba ce, tasa ce ta asali, domin ta fi tsawo kuma akwai ɗiyan da babu su a waccan. Dattijon da ke gefe ya ce duka biyun ba su kama ƙafar wadda ya saba ji a Rediyon Kaduna ba.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya kuma rasu a watan Yunin 1999, ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa. Bakandamiya, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari, ya rera ta sau da yawa, a gidajen rediyo da talabijin da kuma fagen biki, kuma ba ya maimaita ta kalma da kalma. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba waƙa gida biyu: gindi, wato abin da ƴan amshi ke maimaitawa, da ɗiya, wato abin da jagora ke ɗorawa a kai. Gindi yana nan daram. Ɗiya kuwa a hannun mawaƙi suke, ya sa wannan gaba yau, gobe ya mayar da shi baya, ya cire wani, ya ƙago sabo nan take saboda wani babban mutum ya shigo fili. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata da matsayinsa na mawaƙin baka.

Mai karatu zai iya cewa to ai saboda ba a rubuce waƙar take ba. Wannan rabin amsar ce. Ko a Turai, inda ake rubuta kowane sauti a takarda kafin a kaɗa shi, masu sauraro suna irin wannan gardamar, har ma ta fi ta Cadawa zafi, don su mujallu ne da su da ba su da aiki sai kwatanta faya-fayai.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Gustav Mahler, mai tsara kiɗa da ya yi aiki a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1911. Irin dogon kiɗan da ya shahara da shi ana ce masa simfoni, kuma ƙungiyar makaɗa kusan ɗari ce ke kaɗa shi, a ƙarƙashin mutum guda mai ƴar sanda a hannu, wanda Faransawa ke kira chef d'orchestre. Wannan jagoran ba ya taɓa ko abin kiɗa ɗaya. Aikinsa shi ne ya ce ga saurin da za a bi, ga inda za a sassauta, ga wanda za a ji sama da sauran. Simfoni na biyar na Mahler, wanda ya tsara tsakanin 1901 da 1902, ya kan ci kimanin minti 70, kuma kashi biyar ne. Kashi na huɗu, mai suna Adagietto, gogen Turawa manya da ƙanana ne kawai ke yin sa, tare da wani abin kiɗa mai tsarkiya 47 da ake taɓawa da yatsu. A saman takardar Mahler ya rubuta da Jamusanci cewa a tafi a hankali sosai. Bai ce minti nawa ba.

Willem Mengelberg, jagoran makaɗan Amsadam kuma aminin Mahler, ya ɗauki wannan kashi a faifai a 1926 cikin minti bakwai da ɗan ɗoriya. Bruno Walter, wanda ya yi wa Mahler mataimaki yana saurayi, ya ɗauke shi da makaɗan Biyana a 1938 cikin kusan minti takwas. Leonard Bernstein ɗan Amurka, da makaɗan Biyana ɗin dai a 1987, ya haura minti 11. Bernard Haitink da makaɗan Balin a 1988 ya kai kusan minti 14. Takarda ɗaya ce a gabansu duka, babu wanda ya ƙara sauti ko ya rage, amma na ƙarshen ya kusa ninka na farkon tsawo.

Kuma abin bai tsaya a agogo ba. Mengelberg ya rubuta a gefen takardarsa cewa Mahler ya tsara wannan kashi ne a matsayin saƙon soyayya ga Alma, yarinyar da ya aura a 1902. In aka kaɗa shi a minti bakwai ko takwas, kunne kan ji shi kamar waƙar da bakin mutum zai iya rerawa ba tare da numfashi ya yanke ba. In aka ja shi, sai ya koma kiɗan makoki. Bernstein ya jagoranci kaɗa shi a jana'izar Sanata Robert Kennedy a Niyu Yok a 1968, sannan a 1971 Luchino Visconti ya sa shi a fim ɗinsa da masu jin Faransanci suka sani da Mort à Venise. Daga nan jama'a da yawa suka riƙa jin mutuwa a cikinsa. Masu goyon bayan sauri na cewa waɗanda suka zauna da Mahler sun fi kowa sanin nufinsa, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai duk wanda ya saurari Bernstein da kunnen basira ba zai ce ɓata kiɗan ya yi ba. Wani abu daban ya gani a ciki, kuma ya iya nuna shi.

A wajen makaɗan Hausa, aikin nan da Turawa suka raba wa mutum uku, mai tsarawa da mai jagoranci da mai rerawa, mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi. Shata shi ne mai waƙar, shi ke rera ta, shi ne kuma mai linzamin masu kalangu da ƴan amshi. Ke nan idan aka ajiye ɗauka biyu na Bakandamiya aka kwatanta, ana kwatanta Shata ne da Shata, na wata shekara da na wata, na wani fili da na wani.

Abin da ya kamata kunne ya fara bi shi ne tafiyar kiɗan: shin kalangu na gudu ne, ko yana taku irin na ƙasaita? Kirari a cikin sauri ya kan fito kamar ƙalubale ga abokan hamayya, amma kalmomin nan dai in aka sassauta sai su zama maganar dattijon da ya riga ya ci fage, ba ya buƙatar ɗaga murya. Sai kuma tazarar da ke tsakanin ɗa da amshi. Wani lokaci jagora kan jero ɗiya masu tsawo ya bar ƴan amshi suna jira, wani lokaci kuwa ya riƙa yanka gajeru yana miƙa musu gindi akai-akai, waƙar ta yi ta juyawa kamar dakan mata uku a turmi ɗaya. Kalangun kansa abin saurare ne, domin makaɗi na matse tsarkiyoyinsa a hammata yana ɗaga sauti yana saukewa, yana bin hawa da saukar maganar Hausa, kuma hannun wani makaɗin ba ɗaya yake da na wani ba. Ga kuma murya, wadda ta ɗan shekara arba'in ba za ta zama ta ɗan saba'in ba. A ɗaukar fage ana jin guɗa da maroƙa da tsayawar da ake yi in an yi kyauta. A ɗaukar ɗaki, irin ta faya-fayan kamfanin EMI na shekarun 1970, komai tsaf yake, amma babu taron da zai tunzura mawaƙi ya faɗi abin da bai shirya ba.

Makaɗan fada sun fi kusa da tsarin Turawan nan. A ƙungiyar Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da ta Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991, ƴan amshi ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba. Jagora kan fara ɗa su karɓe su ƙarasa, abin da ke nuna an zauna an shirya waƙar an haddace ta kafin a fito da kotso. Shi ya sa in jagora ya kau, ƴaƴansa kan iya ci gaba da rera waƙoƙinsa kusan yadda ya bar su, kamar yadda ya faru a gidan Ɗanƙwairo. Haka taken sarauta yake a fadar Gobir ta Tibiri da fadar Katsina ta Maraɗi: makaɗi ya gada daga ubansa, amma tsofaffin fadawa na iya gaya maka hannun wa ya fi zaƙi.

Akwai kuma bambancin da ba mawaƙi ne ya kawo shi ba, na'ura ce, kuma shi ne ya fi ruɗa masu gardamar fada. Faifan garmaho na da minti uku zuwa huɗu kawai yake ɗauka a kowane gefe, babban faifai mai juyi 33 kuma minti ashirin da wani abu, don haka dole a datse doguwar waƙa ta shiga. Zaren kaset yana tafiya ne a kan santimita 4.76 cikin daƙiƙa. In rakodar da aka kwafa da ita ta kauce wa wannan saurin, saboda batir ya yi sanyi ko robar ciki ta saki, kwafin kan fito da sauri ko da nauyi. Kaucewar kashi 6 cikin ɗari ta isa ta ɗaga murya ko ta sauke ta da rabin mataki. Kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi, daga wani kwafin, daga Kano zuwa Jibiya zuwa kasuwar Maraɗi, yana iya mayar da muryar dattijo ta saurayi. Da aka zo mayar da su cikin kwamfuta, kuskuren ya bi su. Daga nan aka matse su don su shiga WhatsApp, aka kunna a ƴar lasifikar salula wadda ba ta iya fitar da amon ƙasa na kalangu. Mutum ya ce wannan ɗaukar ba ta da armashi, alhali rabin kiɗan ne bai iso kunnensa ba.

Inda masu sauraron Mahler suka yi wa na Shata nisa shi ne rubutu a bayan faifai. Kowace ɗauka tasu tana ɗauke da shekara da sunan zauren da aka yi ta da na ƙungiyar makaɗa, shi ya sa bayan kusan shekara ɗari ake iya cewa ga abin da Mengelberg ya yi a 1926. A katin wayar da aka cika a tashar Cadawa kuwa, abin da ake gani bai wuce "Shata 1" da "Shata 2" ba. Babu shekara, babu gari, balle sunan mai kalangun da ya riƙe waƙar tun daga farko har ƙarshe. Makaɗan da ƴan amshin nan sun yi shekaru a bayan jagora, kuma mafi yawan masu sauraro ba su san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ba a rasa wuraren da aka yi ƙoƙari ba. A farkon shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar ya ɗauki kiɗan maroƙa da na fada, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da shi tare da bayanin kayan kiɗan da yankunan da aka ɗauka. A Yamai akwai taskar Muryar Sahel, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya. Amma abin da aka ɗauka a bukukuwan aure da naɗin sarauta a ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Runji, mafi yawansa bai taɓa zuwa Yamai ba. Yana cikin akwatunan gidaje, a kaset ɗin da wani ya ɗauka da rakodarsa a bakin fage, wani lokaci da sunan biki da shekara a rubuce da biro a jikin kwalin. Zafi da ƙura suna cin zaren, tawadar na dushewa. Kuma in aka kai irin wannan kaset rumfa don a juye shi cikin waya, sautin ake ɗauka a bar kwalin. Mai rumfar ba ya tambayar a wane gari aka yi wasan, shi ma mai kaset ɗin, wanda wataƙila yana tsaye a filin ranar da aka yi shi, ba ya tunanin faɗa.