Kiɗan "tarans" na Turai: yadda farin jini ya zama abin gori

1. Gabatarwa

Duk malami ko ɗalibin da ya yi karatun al'adu da Faransanci, in ya ji kalmar "transe", hankalinsa zai tafi wajen bori, ko kuwa fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka na ƴan Hauka a Akara, wanda ya fito a shekara ta 1955. Ba wannan za mu tattauna ba. Kiɗan da muke nufi a cikin wannan takarda kiɗan na'ura ne, na gidajen rawa, wanda ya samo asali a ƙasar Jamus wajen shekara ta 1990, masu shi kuma suka ara masa wancan suna. A nan za mu riƙa rubuta shi "tarans", yadda ake faɗarsa.

Duk da haka akwai abin da za mu aro daga masu nazarin bori da makamantansa. A cikin littafinsa La musique et la transe (1980), Gilbert Rouget ya nuna cewa ba amon ganga ne da kansa yake kayar da mutum ba, kamar yadda magani ke aiki a jiki. Al'umma ce take koya wa mutum abin da kiɗan ke nufi da kuma abin da ake jira ya yi in ya ji shi. Ra'ayinmu shi ne, haka ma darajar kiɗa take. Masu sauraren kiɗan rawa a Turai sun kasa shi gida biyu: na "ƙarƙashin ƙasa", wato na ƴan tsiraru masana, wanda ba a ji a radiyo, da kuma na "gama-gari", wato na kasuwa, wanda kowa ya sani. Tarans ya zauna a gida na farko, ya koma na biyu, ya sake dawowa, alhali ginin kiɗan bai canza sosai ba. Shi ya sa ya dace da mai son ya gane abin da waɗannan kalmomi biyu suke aunawa.

2. Yadda kiɗan yake

Bugun tarans ɗaya ne, ba ya sauyawa, kuma yawanci yana tsakanin 130 da 140 a minti guda. A bisa wannan bugu ake jera ƴan gajerun sautuka masu maimaita kansu, ana ƙara su kaɗan-kaɗan. Amma alamarsa ta musamman tana tsakiyar faifai. Can sai a ɗauke gangar gaba ɗaya, wani lokaci har fiye da minti guda, a bar launin waƙa shi kaɗai, mai taushi, sau da yawa mai sa baƙin ciki. Masu rawa su tsaya, su ɗaga hannuwa. Daga nan sai a riƙa gaggauta ƙaramar ganga, sauti na hawa, har a sako babban bugun a lokaci guda, ɗakin ya ruɗe.

Mai karatu ya riƙe wannan wuri da kyau, domin shi ne ya jawo wa tarans miliyoyin masoya, shi ne kuma aka zage shi a kai. Kiɗan tekno, wanda yake ɗan'uwansa ne kuma a gidajen rawa guda suka tashi, yana ɓoye launin waƙa, yana fifita bugu da kaushin sauti. Tarans kuwa yana gaya wa mai saurare ƙarara: ga inda za ka ji daɗi.

3. Lokacin da yake na ƴan tsiraru

Garuruwa biyu ake ambata in ana zancen farkonsa. A Farankfot akwai gidan rawa na Omen, inda Sven Väth yake juya faifai, da na Dorian Gray da ke cikin filin jirgin sama, da kamfanonin faifai irin su Eye Q da Harthouse. A Barlin kuwa, bayan faɗuwar bango a watan Nuwamba na 1989, matasa sun sami gine-ginen da aka bari fanko a gabashin birnin suka mai da su wuraren rawa. A nan wani Bature ɗan Mancesta, Mark Reeder, ya kafa kamfanin MFS a 1990, wanda ya fitar da Paul van Dyk. Fayafayan da ake ɗauka a matsayin tushe sun haɗa da "The Age of Love" na 1990, musamman gyaran da Jam & Spoon suka yi masa a 1992, da "Café del Mar" na Energy 52 a 1993.

A wannan zamani ba a san fuskokin masu kiɗan ba. Mutum guda yakan yi aiki da sunaye uku ko huɗu, a buga faifai kaɗan, a sayar a ƴan shagunan da sai wanda ya sani yake zuwa. Bikin Love Parade na Barlin, da aka fara a 1989, mutane kamar 150 ne suka halarce shi. Hukuma ma ta taimaka wajen ba kiɗan rawa kwarjinin abin da aka hana: a Ingila, dokar 1994 ta ba ƴan sanda ikon tarwatsa tarukan dare na fili, har ta siffanta kiɗan da ake nufi da cewa mai bugu ne da ke maimaita kansa.

Akwai kuma wani reshe da ya tsiro nesa da Turai. A bakin tekun Gowa, a ƙasar Indiya, Turawa ƴan yawon duniya da suka zauna can tun shekarun 1970 sun riƙa yin rawar dare a fili, da kasat maimakon faifai saboda zafi da ƙura. Daga nan aka sami tarans na Gowa, mai sauri, mai cike da sautuka masu juya kai. Za mu dawo kansa a gaba.

4. Fita kasuwa

Abin ya sauya cikin shekaru biyar. Faifan "Children" na Robert Miles, wanda ya fito a 1995, ya hau kan jerin waɗanda aka fi saye a ƙasashen Turai da dama a 1996, kuma ba shi da baitin waƙa ko ɗaya. A 1996 ɗin kamfanin Roland ya fitar da na'urar JP-8000, mai wani kauri na sauti da ya zama tambarin tarans na ƙarshen shekarun 1990, domin kowa ya saye ta, kowa ya yi amfani da sautin nan guda. A 1999 faifan ATB mai suna "9 PM (Till I Come)" ya zo na ɗaya a Ingila, manyan gidajen rawa irin su Gatecrasher a Shefil da Cream a Libaful suna cika maƙil, masu shirya Love Parade kuwa suka ce mutane wajen miliyan ɗaya da rabi suka zo.

Daga nan jagoranci ya koma hannun ƴan ƙasar Holan. Armin van Buuren ya fara shirinsa na radiyo, A State of Trance, a 2001. Tiësto ya yi kiɗa shi kaɗai a filin wasa na Arnhem a 2003, sannan a 2004 ya yi kiɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Atina lokacin da ƴan wasa ke shigowa fili. A zaɓen da mujallar DJ Mag take yi kowace shekara, daga 2002 har 2010 masu tarans ne kaɗai suka zo na ɗaya: Tiësto sau uku, Paul van Dyk sau biyu, Armin van Buuren sau huɗu a jere. A 2013 van Buuren ya yi kiɗa tare da ƙungiyar makaɗa ta Concertgebouw ranar naɗin sarkin Holan, Willem-Alexander. Kiɗan kango ya shiga fada ke nan.

5. Gorin da dalilansa

A daidai wannan lokaci ne sunan tarans ya ɓaci a wajen masana. Masu sharhi da masu juya faifan tekno suka riƙa kiransa da wata kalmar Ingilishi mai ma'anar cuku, wato abu mai maiƙo, mai arha, wanda yake neman ya burge da ƙarfi. Wasu daga cikin waɗanda suka kafa shi a Farankfot ma sun bar shi sun koma tekno.

Ba za a ce zargin ba shi da tushe ba. Wanda ya saurari fayafayan 1999 da 2000 guda ashirin a jere zai ji tsari guda, sauti guda, a ɗauke ganga a wuri guda. Kamfanoni sun gano abin da ke sayuwa sun yi ta maimaita shi. Sai dai wannan bai isa ya bayyana zafin ƙyamar ba, domin tekno ma yana da nasa tsarin da ake maimaitawa, ba a kuwa yi masa irin wannan gori ba.

Littafin Sarah Thornton, Club Cultures (1995), ya fito kafin tarans ya kai ƙololuwa, ba a kansa kuma aka rubuta shi ba, amma shi ya fi ba mu makamin fahimtar abin. Thornton ta ɗauki ra'ayin Pierre Bourdieu na cikin La Distinction (1979), cewa ɗanɗano hanya ce ta bambanta kai da wasu, ta kai shi gidan rawa. Ta nuna cewa matasa suna da wani irin jari nasu wanda ba kuɗi ba ne, ba kuma takardar makaranta ba: sanin faifan da ba a sani ba, sanin wurin da za a je da wanda aka daina zuwa. Darajar wannan jari tana cikin ƙarancinsa. Ranar da faifai ya shiga radiyo, wanda ya san shi tun bara ya yi asara, ko da kuwa ko ɗigo ba a canza a cikin faifan ba. Ta kuma lura da abu biyu da suka shafi zancenmu. Na farko, in jarida ta zagi kiɗa, masu shi murna suke yi, yabonta ne yake kashe shi. Na biyu, in matasan nan za su siffanta "gama-gari", surar da suke kawowa ita ce ta ƴan mata talakawa masu rawa kewaye da jakunkunansu. Ashe a ƙarƙashin zancen sauti akwai zancen aji da na jinsi. Tarans, da launin waƙarsa mai taushi, da muryoyin mata da aka riƙa sawa a kansa, da jama'arsa masu kuka da rungumar juna, ya faɗa daidai inda ake raina.

A waje kuma, wajen iyaye da ƴan jarida da hukuma, ba a bambanta tarans da tekno. Duk kiɗan ƙwaya ne a ganinsu, saboda yaɗuwar ekstasi a wuraren rawa, abin da ba ƙarya ba ne. Turmutsutsun da ya kashe mutane 21 a Love Parade na Duisburg a 2010, wanda ya sa masu shirya bikin suka dakatar da shi, ya ƙara wannan kallo. Tarans ya sha duka ta fuska biyu: na waje suna ganinsa haɗari, na ciki suna ganinsa kasuwanci.

6. Abin da yawan jama'a ba ya bayyanawa

Da a ce yawan masu saurare ne ma'auni, da reshen Gowa ya daɗe da zama gama-gari. Bikin Boom, da ake yi a Fotugal tun 1997, yana tara dubun dubatar mutane daga ƙasashe masu yawa, amma har yanzu ana lissafa shi a ƙarƙashin ƙasa, domin ba ya karɓar tallan manyan kamfanoni, kiɗansa kuma ba ya shiga radiyo. A Isra'ila kuwa wannan reshe ɗin kiɗan matasa ne na yau da kullum, ƙungiyoyi irin su Infected Mushroom sanannu ne ga kowa. Kiɗa guda, matsayi biyu, gwargwadon ƙasar da aka tsaya.

Lokaci ma haka yake yi. Bayan 2010, da kasuwar Amurka ta buɗe wa wani sabon kiɗan rawa na manyan filaye, tarans ya ja baya. Tiësto ya riga ya bar shi tun wajen 2009, masoyansa na da suka kira shi maci amana, da irin kalmomin da ƴan tekno suka jefe su da su shekaru goma kafin nan. Nan da nan masu tarans suka fara kiran kansu masu riƙon gaskiya, ƴan tsiraru. Van Buuren da kansa ya buɗe wani reshen kamfaninsa a 2013 don tarans mai bugu 138 a minti, wato na asali, ga waɗanda suke ganin an tsarma kiɗan da ruwa.

Sai kuma masana suka dawo. Ɗan Italiya Lorenzo Senni ya ɗauki sautin nan na JP-8000 da aka fi rainawa, ya cire ganga, ya bar hawan sautin da ba ya sauka, kamfanin Warp na Ingila, wanda ake girmamawa ƙwarai, ya buga shi a 2016. Matasan masu juya faifan tekno, waɗanda ba su yi wayo ba a 1999 balle su ji kunyar abin, suka riƙa sa tsofaffin fayafayan tarans a gidajen da a da ba za a yarda ba. A 2023 waƙar "Miracle" ta Calvin Harris da Ellie Goulding, wadda aka gina da gangan bisa salon ƙarshen shekarun 1990, ta zo ta ɗaya a Ingila.

Wani abu guda ya sauya wanda Thornton ba ta gani ba a 1995. A da mai juya faifai yakan rufe sunan faifansa don kada a san shi, yanzu kuwa wayar hannu tana gane waƙa cikin daƙiƙa kaɗan, intanet ta kawo ta. Sanin faifai ya daina zama jari mai tsada. Abin da ya rage da wuya shi ne ƙofa: gidan rawa na Berghain a Barlin, da aka buɗe a 2004, ya yi suna da mayar da mutane daga bakin ƙofa da kuma hana ɗaukar hoto a ciki. A watan Maris na 2024 ƙasar Jamus ta sa al'adar rawa ta Barlin cikin jerin kayan gadonta na al'adu. Sunan da aka rubuta a jerin shi ne tekno.