Yashin da Ke Hana Ciyawa Fitowa a Tsakanin Intalok: Yadda Yake Aiki

Duk wanda ya shimfiɗa intalok a tsakar gidansa ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko na damina: ba a jima ba sai ciyawa ta fara leƙowa ta kowace tsaga. Yawancinmu muna zaton daga ƙarƙashi take hudowa. Ba kasafai ba. Iska da tsuntsaye ne ke kawo irin daga sama, ya faɗa tsakanin duwatsun, ya tarar da ƙurar da hunturu ya tara da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Shi ke nan, gona ta samu.

Wannan tsagar ita ce yashin hana ciyawa yake tsarewa, kuma iri biyu ne. Na farko, kamar wanda kamfanin Dansand na ƙasar Denmak ke yi, busasshen yashi ne da aka gauraya da ma'adinai masu kaifi irin na kanwa, yanayin da iri ba ya jin daɗin tsirowa a ciki. Ba ya daskarewa, kuma an yi shi ne don ƙananan tsagogi, milimita 1 zuwa 5.

Na biyu shi ne yashin folima. An haɗa shi da wani gari mai danƙo wanda ruwa ke tayarwa. Idan ya bushe sai ya kama kansa, amma ba ƙam kamar siminti ba, yana ɗan bayarwa idan mota ta taka. Iri ba ya samun wurin kafa saiwa, tururuwa ba ta iya haƙe shi, ruwan sama kuma ba ya saurin kwashe shi.

Wajen zubawa ne ake yawan ɓata shi. Dole duwatsun su bushe sarai. A share yashin cikin tsagar har ƙasa, a bi da injin daddaɓe ƙasa don ya zauna, a ƙara, sannan a share saman tas kafin a yayyafa ruwa a hankali. Garin da ka bari a kan dutse zai manne ya bar farin tabo mai wuyar fita. Yana kuma buƙatar aƙalla kwana guda ba ruwan sama, don haka ni dai ba zan yi wannan aikin a watan Agusta ba. A jira rani.

Sai dai akwai inda yake gazawa. Aya-aya da kirikiri ba sa jiran iska, da saiwarsu suke yaɗuwa a ƙarƙashi. A aikina na rubuta manhaja na sha toshe kuskure a inda ya bayyana, gobe ya ɓullo ta wani gefen, don ban taɓa tushensa ba. Haka nan ma. Idan akwai aya-aya a filin, a tone ta da 'ya'yanta tun kafin a jera dutse ko ɗaya. Idan kuwa tsohon intalok ne, sai an kwashe tsohon yashin da saiwoyin da ke cikinsa kafin a zuba sabo.